Maƙerin da Ya Toshe Haƙora a Kurfai

Kailu ɗan maƙeran fari ne a Filinge, cikin ƙasar Kurfai, irin waɗanda ba ruwansu da gatari da hauya, aikinsu azurfa da tagulla: zobba, mundaye, ƴan kunnen matan Fulani da na Buzaye. Uwarsa ta rasu yana goye, yayarsa Habsa ce ta raine shi. Hannunsa yana da kyau tun yana ƙarami, ubansa ma ya shaida haka, sai dai bai iya zama wuri ɗaya ba. Zai narka azurfa, ya zuba, ya fara zane, kafin zobe ya kai rabi ya miƙe ya ce bari ya leƙa kasuwa. Gonarsu ta cikin kwarin dallol ma haka take sha: noman fari da shi, lokacin maimai a neme shi a rasa. Ya bi masu raƙuma ya sayar da kanwa, ya yi dillancin awaki a Bonkuku, ya yi wata biyu yana koyon ɗinki a Damana ya watsar. Ya auri Dija, suka haifi ɗiya biyu mata, halinsa bai sake ba.

A kakar 1950, yana da shekara talatin da ƴan kai, ya bi ayarin masu tafiya Kurmi. Ya sauka Kumasi, ya samu dako a wani sito na sukari. Kwalin da ya fashe, ƴan dako ke rabawa. A gida zaƙi sai zuma in an samu, ko takanda da kaka, amma a nan ga shi a aljihu kullum. Kailu ya saba da jefa ƙwaya ɗaya a kunci tun da safe, in ta narke ya jefa wata, har yamma. Shekara ɗaya da rabi matauninsa na ƙasa ya yi kogo. Da ya kurɓi ruwan sanyi sai ya ji kamar an soka masa allura har cikin kunne.

Wani Bazabarme da suke ɗaki ɗaya ya kai shi wurin wani Kwara, wato Balarabe, mai gyaran haƙora, a saman bene bisa wani kantin atamfa. Kwaran ya daɗe cikin mutanen zango, Hausa a bakinsa ba laifi. Ya zaunar da Kailu, ya taka wani inji da ƙafa, ya goge ruɓar sai da Kailu ya yi gumi ya jiƙe. Sannan ya ɗebi wani gari mai ruwan toka, ya ɗiga masa wani abu mai ƙyalli da ke gudu kamar ruwa amma ba ya jiƙa komai. Ya niƙa su a ɗan turmin gilashi, ya matse a ƙyalle, ya danna cikin kogon kaɗan-kaɗan.

"Kada ka tauna da nan sai gobe," in ji shi.

Da gari ya waye Kailu ya kai harshe wurin, ya ji ƙarfe. Ya sa farce ya ƙwanƙwasa, ƙarfe ne sosai. Ranar bai je sito ba, benen ya koma.

"Maigida," ya ce, "ni maƙeri ne ɗan maƙeri. Ban taɓa ganin ƙarhe ya yi laushi ba tare da wuta ba, balle ya daskare cikin bakin mutum. Mi ne ne wanga abu?"

Kwaran ya yi dariya. Ya ce garin nan azurfa ce da kuza da ɗan jan ƙarfe, aka narka tare aka goge. Mai gudun nan kuwa zaiba ce. Ita zaiba tana jiƙa azurfa da kuza a sanyi, ta shiga jikinsu, su kama juna, cikin yini guda su zama abu ɗaya mai tauri. Kailu ya yi tambaya har marasa lafiya suka taru a ƙofa. Daga ƙarshe Kwaran ya ce ƙafarsa ta gaji da taka inji, in yana so ya zo ya riƙa taka masa.

Nan Kailu ya yi wata goma sha takwas, zaman da bai taɓa yin irinsa ba a ko'ina. Yana taka inji, yana dafa kayan aiki, yana kwaɓa azurfa da zaiba. Cikin wata uku kwaɓinsa ya fi na maigidan laushi. Wata rana ya tambaya ina tsutsar take tafiya in an goge kogon, don duk Kurfai an san tsutsa ke cin haƙori.

"Ba tsutsa," in ji Kwaran.

Ya ɗauko wani haƙori lafiyayye da ya cire wa wani saboda cunkoso, ya jefa a kofi, ya matsa lemun tsami har ya rufe shi, ya ajiye bisa taga. Bayan mako guda ya fito da shi ya miƙa wa Kailu. Ƙyallin ya tafi, ya yi fari kamar alli. Kailu ya sa farce, sai ga jikin haƙori yana kankaruwa.

"Tsami ke cin sa," in ji Kwaran. "Kai da kake maƙeri, da me kuke wanke azurfa in ta fito daga wuta?"

"Ruwan tsamiya."

"To, yadda yake cinye dauɗar azurfa, haka tsami ke cinye haƙori. Ka kankari haƙorinka da safe, farin abin nan da ke maƙale wa farce, cike yake da wasu halittu da ido ba ya gani. Sukari ne abincinsu. In sun ci sai su fitar da tsami, kamar yadda madara ke komawa nono in ta kwana. Miyau yana wanke tsamin, har ya mayar wa haƙori abin da ya rasa, in an ba shi lokaci. Kai ba ka ba shi lokaci ba. Daga safe har yamma kana ciyar da su."

Kailu ya ce a nuna masa halittun. Kwaran ya ce ba shi da madubin da ke nuna su, shi ma a makaranta ya gan su.

Tun daga ranar zama ya fara gagarar Kailu. Abin da ya sani yana cin sa, yana so ya kai gida. Da ya faɗa wa maigidan, sai Kwaran ya girgiza kai.

"Ka iya kwaɓi, ka iya cikawa. Amma ba ka san wane haƙori ake cikawa ba, wane ake cirewa. Ka ƙara shekara biyu."

Kailu ya ce to. Bayan mako uku ya ɗaure kayansa. Kwaran bai ji daɗi ba, amma ya sallame shi da kwalbar zaiba, da gwangwanin garin azurfa, da man kanumfari, da ɗan madubi mai mariƙi, da ƙarafa uku na kankarar ruɓa.

Ya iso Filinge a ranin 1953, ya tarar sukari ya riga shi zuwa. Shayin da a da sai Buzaye, yanzu ga shi a rumfunan kasuwa, ana fasa kan sukari da ƴar guduma ana tsotsar gutsattsarin. Habsa kanta, da mijinta ya rasu, alewa take dafawa tana kaiwa kasuwa, kuma duk tukunya sai ta ɗanɗana sau biyar sau shida kafin ta sauke.

Kailu ya shimfiɗa buzu gindin wata bedi, wato itacen dogon yaro, a bakin kasuwa. Da farko kallo kawai ake yi. Sai wani Bafillace da ciwo ya hana shi kiwo ya zauna don ba shi da zaɓi. Kailu ya kankare ruɓar da hannu, ya shafa man kanumfari, ya cika. Kasuwa ta gaba mutumin ya dawo da ƙannensa biyu, yana buɗe baki yana nuna wa duk wanda ya tsaya. Daga nan aiki ya buɗe. Kailu kuwa bai tsaya Filinge ba: yau Bonkuku, jibi Damana, wani mako Abala, jakarsa a kafaɗa. Dija ta ce da yana Kurmi ta fi sanin inda yake.

Kafin zuwansa, mai ciwon haƙori wurin Na'Allah wanzami yake zuwa. Dattijo ne, ya shekara arba'in yana aski da ƙaho da cirar haƙori. Wanda ba ya son a cire, Na'Allah yana yi masa turare: ya zuba ƴaƴan gautan kura bisa garwashi, ya kifa ɗan mazurari, hayaƙi ya shiga baki, ga ƙwaryar ruwa a ƙasa. Jim kaɗan sai ka ga wasu farare sirara suna yawo bisa ruwan. Tsutsa ta fito. Ciwon kuwa yakan lafa kwana biyu ko uku. Na'Allah ba macuci ba ne, haka ya gada daga ubansa, kuma ya yarda da abin har zuciyarsa.

Wata ranar kasuwa Kailu ya tsaya yana kallon turaren. Da aka gama ya ce, "Baba Na'Allah, ba ni mazurarin in gwada."

Ya zuba ƴaƴan gautan a wuta, ya kifa mazurari bisa ƙwaryar ruwa, ba bakin kowa a wurin. Sai ga fararen nan sun zubo kamar ɗazu.

"Jama'a, ku duba!" ya ɗaga murya. "Daga haƙorin wa sunka hito? Cikin ƴaƴan gautan suke, wuta ke fasa su!"

Aka yi dariya, wasu har da tafi. Na'Allah bai ɗaga kai ba sai da ya gama nannaɗe askarsa.

"To, in ba tsutsa ba, mi ke cin shi?"

Kailu ya yi bayanin halittun da tsaminsu.

"Nuna muna su."

"Ido ba ya ganinsu."

"Kai ka gan su?"

Kailu ya ajiye mazurarin.

"Ni dai nawa ana gani," in ji Na'Allah. Ya ɗauki zabirarsa ya tafi. Daga ranar bai sake amsa gaisuwar Kailu ba, kuma masu zuwa wurinsa suka ragu ƙwarai.

Shekara guda garin azurfar ya ƙare. Wannan bai tsayar da Kailu ba. Ya shiga maƙerar ubansa, wanda ya riga ya rasu, ya narka karyayyun mundaye da kuza, ya goge da magagari har ya zama gari. Ya roƙi mahauta muƙamuƙan raguna, yana huda haƙoran yana cikawa yana ajiyewa. Na farko ya farfashe kamar busasshen tuwo. Na biyu ya kumbura ya tsaga haƙorin. Ya rage kuza, ya ƙara, ya sake ragewa. Sai ya bar abinci a kwano ya koma maƙera, ya fito, ya sake komawa. Bayan wata biyu ya samu awon da ya zauna daram: azurfa kashi biyu da ɗoriya, kuza kashi ɗaya, jan ƙarfe ɗan kaɗan. Ranar ya zagaya unguwa da muƙamuƙin rago a hannu yana nuna wa mutane.

A daminar 1955 ne abin Habsa ya faru. Matauninta na ƙasa ya daɗe yana damunta. Ta sha wahala da shi wata da watanni tana ƙin zama gaban ƙanenta, tana cewa ba ta son ƙarfe a baki. Daga baya ciwon ya ɗauke shi kaɗai. Haƙorin ya yi duhu, abinci yana cika kogon, wani lokaci ta ji ɗan wari.

"Yaya, yanzu ne lokacin," in ji Kailu. "Tunda ya bar ciwo, ko jin hannuna ba za ki yi ba."

Haka kuwa aka yi. Ya kankare har ciki, ko motsi ba ta yi ba. Ya cika, ya shafe, ya ce bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba. Washegari ya wuce Bonkuku.

Kwana uku ya dawo, tun daga ƙofar gida ya ji Dija tana kiran sa. Habsa tana kwance, kuncinta ya kumbura har idon ya ƙanƙance, kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa, jiki zafi rau. Baki ba ya buɗuwa sai kaurin yatsa ɗaya. Kailu ya ɗora ta bisa jaki, suka nufi dispansar, ƙaramin asibitin garin.

Majo Isufu ne anfirmiye, wato malamin jinyar da ke riƙe da wurin, mutum mai sanyin magana. Likita ya fita rangadi, hanyar Yamai kuwa ruwa ya yanke ta, ko babbar motar kamyo ba ta wucewa. Majo ya yi mata allurar penisilin, ya tsaga ƙasan haɓa mugunya ta fita, sannan ya ja Kailu waje.

"Allura za ta taimaka, amma muddin haƙorin nan yana ciki, tushen ciwon yana ciki. In kumburin ya kai maƙogwaro, numfashi zai tsaya. Ni na cire haƙora da yawa, amma matauni a bakin da ba ya buɗuwa, hannu ɗaya na sani a garin nan da zai iya."

Kailu ya san hannun. Ya yi zarya a farfajiyar dispansar, ya kai ƙofa ya dawo, ya sake kaiwa. Sannan ya zuba da gudu.

Ya sami Na'Allah a gona, rana tsaka, yana noma. Ya tuɓe takalma daga bakin kunya, ya tsuguna.

"Baba Na'Allah, na zo neman gahwara, na kuma zo neman taimako. Yaya Habsa ce."

Dattijon ya ci gaba da noma sai da ya kai ƙarshen layi. Sannan ya jingina da hauya.

"Shina ciwo sadda ka ruhe shi?"

"A'a. Ya yi wata biyu da yin shiru."

"Launinshi?"

"Ya yi duhu."

"Ka ƙwanƙwasa shi ka ji abin da za ta ce?"

"Ban yi ba."

Na'Allah ya yi tsaki. "Haƙorin da ya yi ta ihu sannan ya yi shiru ya yi baƙi, ba warkewa ya yi ba, mutuwa ya yi. Ta kogon nan ruɓa ke samun hanyar hita. Kai kuma ka kawo azurfa ka toshe. Ina kake so ta bi? Wanga ko Kwaran naka bai gaya maka ba?"

"Ya ce in tsaya in koya. Ni ban tsaya ba."

"Ɗauko min zabirata, tana can gindin gawo."

A dispansar Majo ya ce sai an dafa awartakin tukuna. Na'Allah ya ce shekara arba'in bai taɓa dafa shi ba, amma ya miƙa. Ya feƙe ɗan itace, ya sa tsakanin haƙoran Habsa ta ɗaya gefen, yana turawa a hankali yana yi mata hira, har baki ya ƙara buɗuwa kaɗan. Kailu ya riƙe kanta. Dattijon ya zura awartaki yana laluba ba tare da ya gani ba, ya kama, ya girgiza hagu da dama, ya daɗe yana yi, sannan ya murɗa. Haƙorin ya fito ɗungum da saiwarsa biyu, azurfa tana ƙyalli a kansa, mugunya ta biyo baya. Warin ya cika ɗakin. Kailu ya fita waje ya yi amai.

Kwana goma Habsa ta yi kafin ta tashi. Tabon tsagar ya zauna ƙarƙashin haɓarta har ƙarshen ranta. Ranar da ta fara shan kunu da kanta, Kailu yana rakuɓe a bakin ƙofa ya kasa shiga.

"Shigo mana," ta ce. "Na goya ka shekara biyu ba ka kashe ni ba, sai yanzu da ka yi gemu?"

Ya shiga ya zauna. Ta tura masa sauran kunun.

Majo Isufu ya kira Kailu daga baya. Ya ce a ƙa'ida wanda ba shi da takarda ba ya taɓa bakin mutane, kuma in ya rubuta wa kumandan, Baturen mulki, gardi ƴan sandansa za su zo su kwashe kayan. Ya ce ba zai rubuta ba, don ya ga haƙoran da Kailu ya ceta, amma da sharaɗi: kada ya sake cika ko ɗaya sai shi ko Na'Allah ya duba tukuna. Ya zana masa haƙori a takarda, ya nuna masa ramin da ke tsakiya inda jijiya take, ya ce in tsami ya ci har ya kai nan, cikawa ta wuce.

Haka aka wayi gari buzu biyu a gindin bedi. Mai ciwo ya fara zama gaban Na'Allah. Ya duba launi, ya ƙwanƙwasa da gindin aska, ya ɗiga ruwan randa ya ga ko mutum zai zabura. In ya zabura ciwon ya wuce nan take, sai ya ce, "Wanga da rai, tahi wurin maƙeri." In ba haka ba ya jawo awartaki. Sun yi shekara uku a haka. Ba su daina musu ba ko rana ɗaya. In Kailu ya tafi ƙauye, Na'Allah yakan yi turarensa a ɓoye ga tsofaffin da suka nace. Kailu ya sani, ya bar shi. Shi kuma duk wanda ya cika wa haƙori sai ya sha wa'azi: ya yi aswaki safe da yamma, in zai sha zaƙi ya sha gaba ɗaya ya kurkure baki, kada ya yini yana tsotsa. Wasu suka ji, mafi yawa suka ce to.

A 1958 zaiba ta kusa ƙarewa. Kailu ya ba masu tafiya Kurmi saƙo, suka dawo suka ce Kwaran ya tashi, ba wanda ya san inda ya koma. Ya je Yamai da kansa, ya zaga kantuna, aka ce ba a sayar wa kowa sai da takardar likita. Ya dawo ya kasa zaune ya kasa tsaye. Sai ya tuna da tulin ragowar kwaɓi da ya daskare, da muƙamuƙan ragunan nan, duk yana ajiye da su. Abin da sanyi ya haɗa, in ji shi, wuta za ta raba.

Ya fasa su ya zuba a kasko, ya ɗora bisa garwashi, ya kifa tasa mai sanyi a sama. Ya ja ƙofar maƙera don kada iska ta ɓata masa aiki. Da ya ɗaga tasar sai ga ƴan ɗigo masu ƙyalli sun taru a jikinta. Ya yi kabbara shi kaɗai. Duk bazarar nan haka ya yi ta yi: ya kwaɓa, ya gwada, ya ƙona ragowar, ya tattara.

Dija ce ta fara lura. Miyau ya yi masa yawa, dasashinsa ya kumbura, yana cewa abinci duk ɗanɗanon ƙarfe yake yi. Mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba ya fara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya ya zauna yana kuka. In baƙo ya dube shi sai ya kawar da kai kamar mai jin kunya. Yawon da yake yi da daɗin rai a da, yanzu ya koma kai da kawo a tsakar gida ba inda za shi. Sai hannu ya fara rawa.

Majo Isufu ya gamu da shi bayan sallar Juma'a, suka yi musabaha, ya ƙi sakin hannun.

"Miƙe yatsunka in gani."

Yatsun suna kaɗawa kamar ganye. Majo ya yi ta tambaya har Kailu ya faɗi abin da yake yi a maƙera.

"Innalillahi! Kailu, zaibar da ke ɗaure cikin azurfa a baki daban take. In ka ɗora ta a wuta, tashi take ta bi iska, ba launi ba wari. Abin da ka kama a tasa kaɗan ne, sauran kai ka shaƙe shi. Guba ce. Yau ɗin nan ka bar ɗakin nan, a yaye rufin, kada ɗiyanka su shiga."

An yaye rufin, amma Kailu bai yarda aikinsa ya ƙare ba. Kasuwa ta gaba ya shimfiɗa buzunsa. Na'Allah ya turo masa wata mata daga Imanan mai ɗan ƙaramin kogo, aikin da a da yake gamawa kafin shayi ya tafasa. Ya kai ƙarfe bakinta, hannu ya ƙi tsayawa. Ya riƙe shi da ɗayan. Ƙarfen ya zame ya yanki cikin kuncinta, jini ya fito. Matar ta yi ƙara.

Na'Allah ya taso, ya zare ƙarfen daga hannun Kailu a hankali, ya ba matar haƙuri, ya sa mata auduga. Sannan ya dafa kafaɗar Kailu.

"Ya isa, Kailu. Tashi mu tahi gida."

Majo ya karɓi abin da ya rage a kwalbar. Miyau da faɗan suka tafi cikin shekara guda, rawar hannu ta ragu, amma ba ta bar shi duka ba. Ba cika haƙori ba, ko zanen zobe bai sake iyawa ba. Shekarar da aka sauke tutar Faransa, shekarar Na'Allah ya rasu. Kailu yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Bayan haka ya koma bin kasuwanni da ɗaurin aswaki da kanumfari da gishiri. Wanda ya ce haƙori na damunsa, sai ya duba masa a hasken rana, ya ƙwanƙwasa, ya gaya masa ko ya yi sauri zuwa Yamai tun da sauran rai, ko ya je Majo ya cire. Bai cika kwana uku a gida ba. Ya yi shekara goma sha uku a haka.

Ya rasu a shekarar babban fari, a wani ƙauye arewa da Abala, gidan wani mutum da ya sauke shi. Zazzaɓi ne na kwana biyu. A can aka binne shi, wani direban kamyo ya kawo labari. Habsa ta tsufa ƙwarai a lokacin, amma ta ce sai an kai ta. Suka tafi ita da Dija. Mutanen ƙauyen suka nuna musu kabarin, suka ce baƙon kirki ne, sai dai ya iya musu: har ranar da ya kwanta yana jayayya da mai garinsu a kan yawan sukarin da yake zubawa a shayi, mai garin kuwa ya ƙi ragewa. Habsa ta yi dariya har hawaye suka zubo, ta goge da bakin mayafi. Suka kwana biyu a can, aka yi addu'a, suka kamo hanyar Filinge.